Faifan da Abokina Ya Raina a Shagona

A zamanin mulkin soja ina ɗinki a bakin kasuwar Malanbil, ina da garmaho da 'yan faya-fayan jaz. Abokina direban babbar mota ne, shi ke kawo mana sababbi daga Kotonu. In ya sauke kaya, sai mu zauna a shagona bayan la'asar muna ta gardama. Shi busar ƙaho yake so, ni kuwa biyano. Akwai faifan da nake ji da shi ƙwarai, amma da na sa shi sai ya yamutsa fuska ya ce, "Tela, cire mana wannan, barci yake sa ni."

Shekara biyu ina lallashinsa, bai yarda ba.

Sai anka kawo wani sabon ma'aikacin duwan, wato kwastan, a bakin gadar iyaka. Wata Juma'a ya gayyace mu gidansa, ya sa mana faifai a babban injinsa. Da jin farkon kiɗan na gane irin nawa ne sak. Abokina ya lumshe ido, shina kaɗa kai.

"Yallaɓai, wannan shi ne kiɗa!" in ji shi. "Ban taɓa jin irinsa ba."

Na ajiye shayin da ke hannuna. A hanya na ce masa ai faifan ɗaya ne, ya rantse na mutumin ya fi natsuwa. Tun daga ranar, can yake fara kai sababbin faya-fayai, ni sai bayan mako nake jin su. Ban taɓa nuna masa na ji zafi ba. Na dai daina gaida ma'aikacin duwan har anka ɗauke shi daga garin, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba.