Ƙafar Malam Buba

Akwai wata Asabar da har gobe ba ta fita raina ba, lokacin ina likita mai kula da ɗaliban likitanci 'yan aji biyar. Wasu mutane sun gudo daga Kamaru suna neman mafaka, aka sauke su a wani gida a Tudun Wada, ɗalibanmu suka ce za su riƙa zuwa duba su kyauta. Tausayi kam akwai. Amma an kuma sanar cewa wanda ya samo majinyaci mai labarin da ya fi jan hankali, shi zai gabatar a taron sashe a gaban farfesa.

A ƙa'idar aikinmu, ɗalibi zai fara yi wa majinyaci tambayoyi, sannan ya duba jikinsa da hannu. Tambaya daɗi gare ta, dubawa kuwa wani lokaci da wari.

Malam Buba dattijo ne mai ciwon sukari, ya zo da gyambo a ƙafa naɗe da tsumma. Wani ɗalibi, Sadiƙ, ya fara da shi, ya ji yadda aka ƙone musu gari suka tako daji a ƙasa. Kafin azahar ɗalibai sun yi layi, kowa sai dattijon ya maimaita masa daga farko. Wata ɗaliba, Rifkatu, har da hawaye. Kowa kuma ya ɗauka wanda ya riga shi ya kwance tsumman.

Ran Litinin a taron sashe Sadiƙ ya sha kwat da laktaye, ya zuba Turanci, aka yi tafi. Na ce, "Gyambon ya kai ƙashi?"

Ya ce, "Ma, ai Rifkatu ce ta duba."

Ta ce, "Ni ɓangaren damuwarsa na ɗauka, Ma."

Na ce, "To, wace ƙafar ce?" Shi ya ce dama, ita ta ce hagu.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na kwashe su a mota sai Tudun Wada. Muka tarar da Malam Buba kwance da zazzaɓi, ƙafar ta fara baƙi. Aka ceto ƙafar da ƙyar, amma sai da aka yanke yatsu biyu.

Bayan tiyata suka je gaishe shi, kai a sunkuye. Sadiƙ ya ce, "Baba, ya jiki?"

Ya yunƙura ya gyara zama. "Da sauƙi, 'ya'yana. Daga ina zan fara yau, daga ƙonewar garin?"

Ba gatse yake ba. Shi a zatonsa haka tsarin asibitin ƙasar nan yake: sai ka ba da labarin masifarka ya gamsar, sannan a taɓa ka.

Daga nan na gane mutanenmu: ɗalibin likita zai iya kuka a kan abin da ya same ka bara, ya tsallake abin da ke cin ka yau. Shi ya sa duk wanda ya fara zuba mini labari mai daɗi, nakan katse shi in ce ya nuna mini inda ya sa hannu.