Awa Ɗaya Tsakaninki da Inna

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma muka dosa. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina ɗakin ma'aikatan jirgin sama ina goge takalmina, mijinki ya kira ni. Ya ce ciwon huhun da kike fama da shi ya tafi da ke. Anti, shugabarmu a cikin jirgi, har yanzu bakina ya kasa kiranki marigayiya.

Ke kika karɓe ni ranar da na fara aiki. Na tuntsurar da shayi a rigar wani fasinja. Kika ba shi haƙuri kamar ke kika yi ɓarnar, sannan kika ja ni bayan labule.

"Share hawayenki, ƙanwata," kika ce. "A sama muke, babu inda za a kore ki."

Hanyarmu ɗaya ce kullum, daga nan zuwa garin da aka haife ki. A jirgi awa ɗaya ce da 'yan mintoci, a mota kuwa yini guda. In kika ga dattijo ya damƙe hannun kujera, sai ki durƙusa gefensa ki ce, "Baba, kafin shayinka ya huce mun sauka."

Mutum ɗaya ce ta gagare ki, Inna, mahaifiyarki. Shekara da shekaru kina lallashinta ta hau jirgi, tana cewa ita ba tsuntsuwa ba ce. Mu kuma in mun sauka can, da an kwashe kaya muke juyowa. Sai dai ki tsaya bakin ƙofar jirgi ki gaishe ta a waya.

Da jiki ya tsananta, kika roƙi a kai ki wurinta. Likita ya ce numfashinki ba zai ɗauki tafiyar jirgi ba, balle mota. Sai Inna ta ce za ta hau.

Ni na zaunar da ita, na ɗaura mata bel. Ba ta buɗe ido ba, ba ta saki hannuna ba. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ta ce, "Har mun zo?"

A asibiti kika janye robar numfashi daga bakinki. "Inna, sai da na kwanta kika yarda?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shafa goshinki ta ce, "Ashe kusa kike haka, 'yar nan? Duk shekarun nan ashe kusa kike?"

Kwana biyu kacal ta samu tare da ke.

Ya Allah, ka yafe wa Anti, ka yalwata makwancinta, ka lulluɓe ta da rahamarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta da 'ya'yanta mata, da abokan aikinmu. Inna kuwa, da na je gaishe ta, ita ce ta rungume ni tana ba ni haƙuri. Allah ya sanyaya mata zuciya.