Kawu Ishaku, Madugun Kakuri

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kakuri ya san ba a wucewa ta ƙofar gidan Kawu Ishaku da jakar tafiya a hannu salin alin. Yana nan zaune a bencinsa gindin mangwaro, rediyo a cinya. Da ya hango jaka sai ya kashe rediyon. "Kai! Zo nan. Ina zuwa?" In ka ce Jos, ya tambaye ka rigar sanyi. In ka ce Legas, ya tambaye ka inda za ka kwana, da wanda zai tarbe ka, da ko matarka ta san motar da za ka shiga. Mutum nawa motar safe ta tafi ta bari saboda tambayoyin nan! Har ta kai samarin layin, in za su yi tafiya, sai su jefa jakar ta katangar baya, su fito ta gabansa hannu a aljihu suna fito. Haka ya tare Markus mai walda wata rana ya ce, "Markus, tun yaushe ake sa takalmin coci ranar Talata don zuwa sayen burodi? Je ka ɗauko jakar mu gani."

Ni Rifkatu, 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi tun ina firamare. Ku da kuka taru yau don tunawa da shi, waɗanda suka san shi da girma a cikinku sun san shekarun da ya yi yana yi wa masaƙa talla, yana yawo da samfurin atamfa daga Sakkwato har Aba. Babu irin masaukin da bai kwana ba, daga mai kafet zuwa wanda akuya ke leƙo ka ta taga. Daidai lokacin da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, aikin masaƙa ya ja baya, aka sallame shi. To shi aka sallama, ban da bakinsa da ƙafafunsa. Daga nan ne 'yan unguwa suka sa masa Madugu.

A shekarar da aka sallame shi ne aka kira ni intabiyu a Abuja. Na ce zan tafi ni kaɗai, ya dube ni kamar na ce zan haye kogin Kaduna da ƙafa a watan Agusta. Tun da hantsi muka kama hanya, don a dokarsa ba a shiga baƙon gari da duhu. Otal ɗin farko da muka shiga, kai jama'a, har fulawar roba a kan kanta! Mai karɓar baƙi, wani mutum da nakatayi, ya miƙo biro. Kawu ya ce, "Ajiye bironka. Ɗakin tukuna."

Muna shiga ya ɗaga katifa ya bi ɗinkinta da yatsa yana neman kuɗin cizo. Ya ja sakatar ƙofa ya tura, ya sake ja. Ya leƙa taga ya ga inda janareta yake. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan ya faɗa banɗaki ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru.

Mai nakatayi ya ce, "Baba, ruwan yana zuwa."

Kawu ya ce, "Daga ina ya taso?"

"Yanzun nan zai zo, Baba."

Kawu ya saɓa jakarsa ya ce, "To madalla. In ya iso ka gaishe shi, ka ce mun zo ba mu same shi ba."

Haka muka yi ta shiga muna fita har ƙafafuna suka kumbura. Ƙarshenta muka dace da wani ɗan masauki na wata dattijuwa, babu fulawa, babu kafet, amma ga zanin gado na ƙamshin sabulu, ga randa cike a bakin ƙofa. Kafin in zauna ya ce in tashi mu taka zuwa ofishin da za a yi mini intabiyun, in ga ƙofarsa da idona. "Wanda zai nemi aiki ba ya neman hanya da safe," in ji shi. Na yi ta ƙunƙuni muna tafe. Aikin dai shi nake yi har yau, kuma duk wanda ya tambayi Kawu sai ya ce shi ya ci intabiyun, ni rakiya na yi.

Ba ni kaɗai ya sha wa kai ba. Kun tuna Yakubu ɗan Mama Talatu mai ƙosai, da aka zaɓe shi kansila? Ga shi can yana sunkuyar da kai, Honarabul, ba gudu yau! Aka tura su bita Kalaba, karon farko da zai bar jiha. Ya fito da akwatuna uku da wani ƙunshi dogo an naɗe da zani, mutane biyu na taya shi ɗauka. Kawu ya kashe rediyo.

"Honarabul, ƙaura za ka yi?"

"Bita ce, Baba, ta 'yan kwanaki."

"To sallami mutanen nan. Ɗauki kayanka da kanka ka kai su bakin titi ka dawo. Abin da ka ajiye a hanya, ba da shi za ka ba."

Ai kuwa ko shagon mai shayi bai kai ba ya zube su yana haki. Kawu ya sa aka buɗe a tsakar gidanmu. Manyan riguna kamar zai buɗe shago, huluna, dutsen guga, tukunya, har da hoton da ya yi kamfe da shi a cikin gilashi. Kawu ya ware kaya kala uku da tawul da silifas da maganin zazzaɓi, ya ce takardun bitar su zauna a jikinsa, kada su shiga but ɗin mota. Sannan ya warware dogon ƙunshin. Fanka ce, mai tsayawa da ƙafarta!

Yakubu ya ce, "Baba, an ce garin da zafi. Ko da otal ɗin babu."

Kawu ya jinjina kai ya ce, "Ka yi tunani. To wutar fa, a wane akwati ka sa ta?"

Fankar nan a ɗakin Kawu ta yi zaman jiran mai ita, kuma ban tuna ranar da ta koma gida ba.

Amma abin da ya fi ƙauna a duniya hawan dutse ne. Ɗan gindin dutse ne shi, ya ce zaman Kaduna shimfiɗaɗɗe yana sa masa ciwon baya. Duk bayan 'yan makonni sai ya tattara mu, matasan coci da duk wanda tsautsayi ya ratsa da shi, mu shiga mota zuwa duwatsun wajen Kajuru. Dokokinsa ba sa canzawa. A fara hawa da sanyin safiya. Kowa da gorar ruwansa da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. A gaya wa na gida inda aka nufa. A fara gaida mai gari a nemi ɗan gari ya shige gaba, don dutse na da masu shi. Kuma kada a kuskura a sa sabon takalmi.

Ya daɗe yana yi wa amininsa Alhaji Mamman naci, mai shagon atamfa a Makera, abokin cinikinsa tun zamanin masaƙa. Ranar da Alhaji ya yarda, sai ga shi da shadda fara ƙal da takalmi sau-ciki baƙi, yana sheƙi, ko takardar kuɗin ba a ɓamɓare ba.

Kawu ya ce, "Alhaji, ɗaurin aure aka ce maka?"

Alhaji ya ce, "Ishaku, ni ba na zuwa gaida kowa da tsumma, ko dutse ne."

Ba mu yi rabi ba Alhaji ya fara tafiya kamar mai taka garwashi. Ya shanye ruwansa, ya shanye na Markus. Muna tsayawa muna jiransa har rana ta take, azahar ta same mu a ƙoli. Alhaji ya zauna ya cire takalmi, duga-dugansa duk sun tashi. Ya dubi rana ya ce bari ya yi taimama. Kawu ya miƙa masa gorarsa, ɗan ruwan da ya rage mana ke nan.

Alhaji ya ce, "Haba, kai me za ka sha?"

Kawu ya ce, "Ni ba na jin ƙishi," leɓunansa kuwa sun bushe fari fat. Ya nuna masa gabas, ya share masa wani fallen dutse da hularsa, ya kore mu gefe ya ce kowa ya yi shiru.

Da muka tashi sauka, ya cire tsohon kambas ɗinsa ya ba Alhaji, shi ya rataya sabon a wuya ya sauko ba takalmi. A gindin dutse Alhaji ya miƙa hannu zai karɓi abinsa, Kawu ya ce, "A'a, waɗannan ba su horu ba. Bari in horar maka da su tukuna." Jama'a, shekara da shekaru da takalman nan yake zuwa coci! Duk haɗuwarsu Alhaji ya ce, "Ishaku, sun horu?" Shi kuma ya ce, "Da saura kaɗan." Alhaji, ga ka nan zaune. Suna ƙarƙashin gado, ka aiko a ɗauka, ina jin yanzu kam sun yi laushi.

Akwai guda ɗaya da ba ya son a ba da labarinsa, amma yau ba ya nan balle ya hana ni. Lokacin da gari ya rikice da faɗan addini, kun san lokacin da nake nufi, wata motar fasinja da ta taso daga kudu za ta Kano ta maƙale a bakin titinmu da rana tsaka. Gaba hayaƙi, baya hayaƙi. Direban, wani dattijo Malam Habu mutumin Funtua, ya rasa inda zai sa kansa. Fatake ne a ciki, da wata mata mai goyo. Kawu ya fita da sandarsa ta hawan dutse ya ce, "Ku biyo ni, kowa ya ɗauki abin da zai iya gudu da shi." Ya zuba maza a falo, mata a ɗakin matarsa Mama Saratu, ya ce mu ɗora babbar tukunya.

Can da la'asar sai ga samari a ƙofa, idanu jajur, wasu da gora. Ina leƙe ta taga, mai goyon nan ta toshe bakin jaririnta da nono. Kawu ya jawo bencinsa ya gindaya a bakin ƙofa ya zauna.

Suka ce, "Baba, an ce akwai mutane a ciki."

Ya ce, "Akwai. Baƙina ne."

"A fito da su."

Ya ce, "Wanda ya sauka a gidana, ni ke raka shi tasha, ba wani ba." Sannan ya fara kiran su ɗaya bayan ɗaya da sunan da uwayensu ke kiran su. Ya dubi na gaban ya ce, "Kai Sande, da ka je neman aiki Fatakwal aka sace maka jaka, wa ya kwanar da kai? Ba kai ka ba ni labari da bakinka ba, wani mai shayi ɗan Katsina? To na cikin nan irinsa ne, je ka ce musu su fito." Sande ya sunkuyar da kai. Aka yi ta hayaniya, Kawu bai ɗaga daga bencin ba, har suka watse da kaɗan-kaɗan. Da ya shigo na ga ko kofi ya kasa riƙewa. Ya harare ni ya ce, "Yunwa ce."

Baƙin nan suka zauna da mu har jami'an tsaro suka zo rakiyar matafiya. Suna shirin hawa mota, kowa na hawaye, sai Kawu ya gyara murya ya ce, "To ku faɗa mini tsakani da Allah, ku da kuka saba yawon duniya. Yaya kuka ga masaukin?"

Malam Habu ya share ido ya ce, "Baba, ban taɓa sauka inda ya kai nan ba. Aibinsa ɗaya, mai masaukin ya cika surutu."

Kawu ya yi wata guda yana jin haushin maganar nan. Amma duk Kirsimeti sai ga buhun masara daga Funtua, shi kuma ya karɓa yana cewa, "Mutumin nan har yau bai ba ni haƙuri ba."

A 'yan watanninsa na ƙarshe ƙafafun suka ƙi. Zuwana na ƙarshe na same shi a kwance, ya rame, Mama Saratu na ba shi kunu da cokali yana cewa gishiri ya yi kaɗan, a kunu fa! Da zan koma bakin aiki na durƙusa a gefen gadon na ce, "Kawu, zan kama hanya." Ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe yana kallona. Na jira faɗa, ban ji ba. Ya ce, "Rifkatu, na gode da kika zauna a gidana." Ni da ya ciyar, ya tufatar, ya kai makaranta, ni yake yi wa godiya. Na fita na tsaya a bayan ɗaki na yi kukana.

Ranar jana'izarsa na ga Malam Habu a bayan coci, ya tsufa tukuf, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya ƙi zama har aka gama.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaku ya iso wurinka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi yadda ya karɓi bayinka ranar da ba su da wurin zuwa. Ka ba Mama Saratu ƙarfin zuciya, ka ba mu haƙurin rashinsa. Kawu, ka huta lafiya. Amin.