Zuwa Dutse da Muryar Gwaggo a Cinyata

Taura

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida ranar Talata, tsohuwar laftof ɗina a naɗe cikin zani kamar jaririya. Shekarata huɗu ina DJ a bukukuwan mata, irin gidajen da ba a yarda namiji ya shiga da sifika ba. Yanzu laftof ɗin ta gaji, ana tsakiyar rawa sai ta ɗauke, mata su juyo suna harara ta. Niyyata in ba da ita a Dutse, in yi ciko in karɓo wata.

Gaggawar ta Safiya ce, autarmu, da za a sa a lalle ranar Juma'a. A danginmu ba a sa amarya a lalle sai da waƙar Gwaggo Tabawa. Kafin ta rasu na ɗauki muryarta, har ta saka sunan Safiya a ciki, ta ce, "Ajiye mata, ko ba na nan." Wayar da na yi ɗaukar da ita ta daɗe da ɓata. Waƙar ta rage a wuri biyu: cikin laftof, da cikin wani filash, ɗan abin ajiye waƙoƙi, da na saya a tiren mai talla, wai terabait biyu yake ɗauka, ya fi laftof ɗin ma ciki, a kuɗin da bai kai na atamfa ba. Na yi alfahari da cinikin nan sosai.

Gujungu zuwa Shuwarin

Bakwai da minti goma na canza mota a Gujungu. Direba ya miƙo hannu.

"Hajiya, kawo kayan a sa a but."

"A cinyata za su zauna."

"Gwal ne?"

"Ja motarka, Malam."

Inna takan ce ko inuwata ce ta biyo ni sai na waiga na tambaye ta dalili. Ban musa ba. A sana'armu mutum zai yi miki murmushi, ya ari filash ɗinki minti biyu, gobe ki ji waƙoƙinki a bikin da ba a gayyace ki ba.

Bayan Jahun aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya nemi rasit ɗin laftof. Ya zaci babu. Na zaro shi daga jaka, ya yi laushi don tsufa. Muka wuce Kiyawa, tara saura muka sauka Shuwarin.

Limawa

Mai adaidaita ya kai ni unguwar Limawa a cikin Dutse, gidan Yaya Hadiza, wadda nake bi. Ta ba ni koko da ƙosai, ta kwatanta min shagon Malam Bulus, mutumin Filato, mijin abokiyar aikinta.

"Nawa yake ba ki in kin kawo masa ciniki?" na tambaye ta.

"Rabi, Allah ya shirye ki. Sha kokonki."

Shagon Malam Bulus

Sha ɗaya daidai na isa. Ya jera min laftof uku 'yan gwanjo. Na nuna mai ƙyalli, babba, ya girgiza kai.

"Wannan ta ofis ce, Hajiya. Awa ɗaya a rumfar biki za ta yi zafi ta tsaya. Ɗauki baƙar nan. Ram ɗinta takwas, wato ƙwaƙwalwarta da ƙarfi, tana tashi da sauri, batirinta na kai awa huɗu ko janareta ya mutu."

Mai kaya yana hana ni mai tsada? Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Na sa ya cire caja, na zauna minti arba'in ina kallon batir, na gwada kowace kafa da kebul ɗin sifikata. Ban sami aibu ba, abin har ya ba ni haushi.

Muka daidaita a kan ciko. Ya ce zai goge tsohuwar tas kafin ya sayar, ya tambaya ko na kwashe kayana.

"Suna cikin filash."

Ya juya filash ɗin a hannu, ya tambayi kuɗinsa. Da na faɗa sai ya miƙo min shi.

"Kunna min waƙa ɗaya daga ciki."

To, ga inda aka nufa. So yake ya ga kayana ya kwafa. Na ce ba sai ya ji ba.

"Sa abin kunnenki, ni zan fita waje. Amma ba zan goge komai ba sai kin ji da kunnenki."

Ya fita kuwa. Na sa filash a baƙar laftof. Sunaye suka fito reras, har da "Gwaggo lalle". Na danna. Shiru. Na danna ta sama, na danna ta ƙasa, babu wadda ta yi ko tari. Na ƙwala masa kira.

Da ya dawo ya ce irin filash ɗin nan ƙarya yake yi, cikinsa ƙarami ne, sai ya riƙe suna ya zubar da waƙa. Muka kunna tsohuwar laftof ɗina. Sau biyu tana mutuwa, ni ina salati, shi yana yi mata fifita da kwali. A na uku ta tsaya. Ya ba ni linzamin kwamfutar ya juya baya, na kwashe da hannuna zuwa cikin sabuwar, da kuma cikin wani filash na gaske mai giga sittin da huɗu. Na saurari waƙar daga farko har guɗar ƙarshe, a wuri biyun, ina share hawaye da gefen mayafi.

Gida

Biyu da rabi na bar Dutse, biyar da kwata ina Taura. Na gode wa Allah, na gode wa Yaya Hadiza da na zarga ina shan kokonta, da Malam Bulus da na yi wa kallon ɓarawo awa uku.

Ban jira Juma'a ba, na kunna waƙar a tsakar gida. Da Gwaggo ta kira sunan Safiya, Safiya ta amsa daga ɗaki, "Na'am," kafin ta tuna.