Fadamar Zubairu

A Birnin Tudu, in ana neman misalin mutumin da girman kai ya cinye, Zubairu ake nunawa da baki. Ubansa ya mutu ya bar masa fadama a bakin gulbi, irin wadda ko tsinke ka dasa sai ya yi ganye.

Kowa a ƙasar Bakura ya san aikin fadama. In damina ta wuce ruwa ya fara janyewa, binsa ake yi a baya da irin dankali. Inda ya sauka yau, a dasa gobe tun laka na da danshi. Aikin durƙuso ne, gwiwa cikin taɓo. To shi Zubairu, da ya yi 'yan shekaru yana gadin shago a birni ya dawo da takalmi sau-ciki, wai ya fi ƙarfin durƙuso.

"Ni ba ni bin ruwa kamar kwaɗo," in ji shi a teburin mai shayi. "Bari shi janye duka, in kawo tarakta ta gama rana guda."

Taraktar da ko hotonta bai mallaka ba! Kafin ruwan ya gama janyewa, saman fadamar ya bushe ya tsattsage. Haka bara, haka bara waccan. Matarsa Husaina ta gaji da ci da shi da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Dagaci ya kira shi. "Zubairu, hwadama ba ta zama banza mutane na jin yunwa. In bana ba ka dasa ba, zan ba da ita aro."

"Ranka shi daɗe, bana kam sai ka gani."

Maganar ta ɗan tsorata shi. Ya sayi iri, ya jibge a inuwa. Amma kullum ya leƙa daga kan tudu sai ya ga da sauran ruwa a tsakiya, ya koma shan shayi, har ya daina leƙawa ma. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ranar da ya ji ruwa ya janye ƙaf, ya goge takalmi ya sauka. Ya tarar da fadamar ta yi kore shar, dagaci ya ba da aronta ga Bappa makiyayi, shi da 'ya'yansa suna ciki. A ƙarshen kunya, wata mata ta miƙe tana goge taɓo daga gwiwa. Husaina ce, Bappa ya ɗauke ta ƙodago.

"Malam, matsa," ta ce. "Kana taka muna iri."