Idon Hagun Manniru Mai Hoto

Duk mai zuwa shan iska bakin tafkin Jabi ya san Manniru mai hoto, ko da bai san sunansa ba. Bahago ne tun haihuwa. Hannun dai mahaifiyarsa ta gyara da danƙwashi, har ya koma cin tuwo da dama. To ido fa, wa zai danƙwashe shi?

Su kuwa masu ƙera kyamara ba su san da zaman bahago ba, komai a dama suka sa. Sai Manniru ya danna da hannun dama, ya leƙa da idon hagu, hancinsa na shafa wa gilashin baya maiƙo. Kure, abokin sana'arsa, ba ya gajiya da tsokana: "Oga Manniru, kai kake ɗauka ko hanci?" Shekara ashirin da biyar a haka ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya biyu.

Bara idon ya fara dishi-dishi. Likita ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare na dama.

Ran da ya gwada na daman, wayyo! Ya yanke wa wani ango hula, ya karkatar da tafkin kamar zai zube. Kunya ta kama shi, ya hau mota ya koma gida Masaka, ya tura kyamarar ƙarƙashin gado. Mako uku bai fita ba. Tsoro yake ji, wallahi, don bai iya wata sana'a ba.

Wata safiya matarsa Turai ta ci ado, ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta kifa turmi a tsakar gida ta zauna.

"Malam, ɗauke ni."

"Haba Turai, kanki zan yanke."

"Yanke mana, ai naka ne."

Kullum da safe sai ta zauna masa kafin ta ɗora awarar sayarwa. Yau babu goshi, gobe babu kafaɗa, ita dai ta gyara zama ta ce a sake.

A rana ta tara, yana cikin saiti sai ta ƙyalƙyale da dariya. Da can in ya leƙa da hagu, kyamara da hannu rufe masa fuska suke yi ruf. Yanzu da ya koma dama, rabin fuskarsa a waje yake.

"Ashe murmushi kake yi in kana ɗaukata?" ta ce. "Duk shekarun nan ban taɓa gani ba!"

Ya danna. Hoton ya fito daidai, ba yanke ba karkata: Turai tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan da ya rage masa, sannan ya ce ta ɗauko masa takalmansa na fita.