Ranar da Boysie Ya Ja Gidanmu

Shekara tara ina maƙwabtaka da Hubert Semple ban taɓa faɗin alherinsa ba. Ina ganin lokaci ya yi, tunda gidan da nake zaune ina wannan rubutu shi ya hana kogin Demerara tafiya da shi.

Duk ƙauyenmu Boysie ake kiransa, ko da yake ya haura saba'in. Ya yi makanikanci a wurin haƙar ma'adinai, sannan ya shekara ashirin yana tuƙi a hanyar dajin da ke kaiwa ga masu neman zinariya, inda taɓo kan haɗiye mota har gilashi. Da ya ajiye aiki, sa'anninsa suka kama kiwon kaji. Shi sai ya kama tara gawarwakin motocin soja, irin waɗanda Ingila ta gaji da su aka sayo mana. Guda biyar ya jawo. Huɗu ya yi ta fiɗa yana ciyar da ta biyar, wata janwe mai ƙafa shida da gangar igiyar ƙarfe a bayanta. Ya sa mata suna Miss Ivy, sunan matar da ta ƙi aurensa, wai ita ma sai an sha lallashi kafin ta tashi.

Ni tsohon shugaban makaranta ne, saboda haka na yi abin da mai ilimi ke yi. Na rubuta wa shugaban ƙauye wasiƙa uku a takarda mai kauri, a kan hayaƙi da ƙara da sauron da ke hayayyafa cikin tsofaffin tayoyi.

A daminar bara kogi ya fara cin gaɓarmu. Gidanmu na katako ne bisa turaku, mahaifina ya gina shi da hannunsa. Cikin mako biyu mangwaro ya tafi, banɗaki ya bi shi. Saura taku bakwai tsakanin ruwa da turken farko. Masu ɗaga gida na birni suka ce motarsu ba ta shiga wannan taɓo, sai rani. Kogin kuwa bai yi wa kowa alkawarin jira ba.

Na sa riga mai guga na tsallaka shinge.

"A'a, Ticha!" in ji Boysie daga ƙarƙashin mota. "Yau wasiƙar da ƙafa ta zo?"

"Ashe ka gan su."

"Suna cikin injin nan. Shugaba ya miƙo mini, na yanka gaskit na toshe mahaɗar inji da su, ko ɗigon mai ba ya fita. In da sauran ƙorafi ka rubuto, famfon ruwa na yoyo."

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya fito ya daɗe yana kallon Miss Ivy, wadda bai fi wata ɗaya da gama yi mata koren fenti ba.

"Tun da na haɗa ta ban gwada igiyar da kaya ba," ya ce. "In ta tsinke, ko gidan ya rabe biyu, kada ka rubuta ni."

Ranar Asabar da safe mazan ƙauye suka sauke gidan daga turaku da jak na ɗaga mota, suka ɗora shi bisa gumaguman da zai mirgina a kansu. Na zo da zane mai kusurwoyi da lissafin inda ya kamata a ɗaura igiya. Boysie ya duba shi cikin girmamawa, a juye, sannan ya zagaye gindin gidan da sarƙa kamar mai ɗaure itacen girki.

Anti Pearlie, ƙanwar mahaifina mai shekara tamanin da takwas, ta ƙi fitowa.

"Ja abinka, Boysie," ta ce ta taga. "Amma in ka fasa mini kofunan bikina, sai na gaya wa mutane dalilin da Ivy ta ƙi ka."

"Haba Anti, ai kowa ya sani."

"Ba su san na biyun ba."

Ya ta da inji. Igiya ta miƙe har ruwa na tsiyaya daga jikinta. Gida bai motsa ba. Miss Ivy ce ta fara sulalewa da baya cikin taɓo, tana nufar gidan da kogin da ke bayansa. Boysie ya kashe ta.

"Sai an ɗaure goshinta a wani abu," ya ce.

Abu ɗaya ne a wurin da zai iya riƙe ta, tsohon rimin bakin hanya. Maza ashirin suka sami abin kallo a ƙafafunsu. A garinmu ba a taɓa rimi, saboda fatalwar Turawan Holan da ke gadin tukwanen zinariya a gindinsa. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutanen nan cewa babu komai a bishiya sai tsuntsu da tururuwa.

"Mai gida ke neman izini, Ticha," in ji Boysie, fuska ba dariya. "Ba ni zan kwana kusa da shi ba."

Da yake an raba gidan da matakalarsa, na shiga kicin ta taga na ɗauko kwalbar giyar rake. Na tsiyaye ta a saiwa, na nemi gafara da cikakkiyar jimla, a gaban tsofaffin ɗalibaina takwas. Anti Pearlie ta ce in ɗaga murya, Baturen rimin ya tsufa.

Aka ɗaure sarƙa. Injin ya yi gurnani, katako ya yi kuka, sai na ga ƙasar da ban taɓa gani ba tana fitowa daga ƙarƙashin gidan mahaifina. A hankali, gungume bayan gungume, maza na ɗauke na baya suna kaiwa gaba. Kafin la'asar gidan ya yi taku sittin. Kofi ɗaya ne ya faɗi, bai fashe ba, abin da ya ɓata wa jama'ar da ke jiran jin dalili na biyu rai.

Muka ci shinkafa da wake dafaffe da madarar kwakwa. Boysie bai zauna ba. Da kwano a hannu yake zagaya motarsa, yana shafa inda sarƙa ta kankare fenti. Na je na tsaya kusa da shi da dogon jawabin godiya a bakina.

"Ta ja, ko?" ya ce.

"Ta ja, Mista Semple."

Matakalar gaba kaɗai muka bari a tsohon wurin, don an dasa ta cikin siminti. Ranar Laraba da hantsi ina tsaye a taga da shayina, ni da Anti Pearlie, kogi ya zo ya ɗauke ta.